Wata Bakwai a Akwatin Luka

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya ba ƙafafun nan nawa ƙarfin hawo matakalan nan uku na tsaya gabanku yau. Ku yabi Ubangiji!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Ishaya. Ɗan kwana-kwana ne ni, shekara goma sha tara ina aikin kashe gobara, sha ɗaya daga ciki a nan Gumel. Daga kudancin Kaduna aiki ya kawo ni. Baba Fasto ya ce in yi minti goma, na ce masa Baba ka yi haƙuri, wanda ya leƙa kabari ya dawo ba ya iya duba agogo.

Akwai suna a cikin shaidar nan, kuma da yawanku kun san mai shi. Na nemi izinin dattawa kafin in ambace shi. Ba don in tona masa asiri na tashi ba, sai dai idan na cire shi babu abin da zai rage in faɗa.

Mutane suna ganin aikinmu zaman banza ne. Kun sha wucewa ta gaban ofishinmu kun gan mu ƙarƙashin darbejiya muna dara, kuna cewa ga masu cin albashin kwanciya. To, haka muke zaune ƙararrawa za ta buga, kafin ka ƙifta ido kana cikin kaya masu nauyi, riga mai kauri, takalmi har gwiwa, hular kwano, jiniya tana kuka a kanka. Zuciyar da take hutawa yanzu-yanzu sai ta kama duka kamar ana sussuka. Kuma ba Gumel kaɗai muke gudu ba. A kira mu Gagarawa, a kira mu Sule Tankarkar, a kira mu Maigatari, duk mu ne.

Ni ne mai riƙe bakin tiyo. Shi ne mutumin da yake gaba, wanda wuta take fara lasa. Ina alfahari da wannan matsayi ƙwarai, har ya zame mini girman kai. Idan wani ya ce ya gaji sai in yi masa dariya in ce ya koma gida ya taya matarsa daka.

Bari in faɗi nawa laifin kafin in taɓa na kowa. Ina shan taba a ɓoye, matata Rahila tana zaune can, yau ne wasunku za su fara ji. Kowace yamma sai na tsaya wajen mai tsire, kuma mai kitsen nake zaɓa, a barbaɗe da yaji da gishiri. Lemon ƙara kuzari kuwa, gwangwani uku nake sha a rana idan muna bakin aiki. Ranar Lahadi in sa farar riga in tsaya cikin mawaƙa kamar ba ni ba.

Akwai kuma wata dabara tamu da ba a faɗa a waje. Duk shekara ana yi mana gwajin lafiya, kuma duk wanda jininsa ya hau sai a sauke shi daga mota a ba shi tebur da biro. Ba wanda yake son wannan. Saboda haka idan saura sati guda gwaji, sai mu kama tauna tafarnuwa, muna ɗirkar zoɓo babu sukari, mu daina taɓa gishiri, wani ma ya ari ƙwayar hawan jini ta surukarsa ya haɗiya da safen. Ofis duk ya ɗauki warin tafarnuwa. Nas ta auna ta ce lafiya lau, mu fito muna tafawa. Da yamma mu koma wajen mai tsire. Shekara shida ina yin haka, ina ganin ni mai wayo ne.

Wanda ya koya mini wannan dabara shi ne Luka.

Luka ɗan garinmu ne. Tare aka ɗauke mu aiki, tare aka turo mu Jigawa. Shi ne babban abokin ango a bikina. Ranar da aka yi wa ɗana na fari baftisma shi ya tsaya a gefena. A wancan bencin na mawaƙa, kafaɗata tana gogar tasa shekara da shekaru. A wurin aiki shi ne shugaban rukuninmu, duk takardar da ta shafe mu ta hannunsa take biyowa. Ban taɓa kiransa oga ba, ɗan'uwa nake ce masa, shi ma haka.

Bara sai gwajin ya canza. Bayan awon jini, suka kwantar da mu ɗaya bayan ɗaya, suka manna mana wayoyi a ƙirji, wata na'ura tana zana layi a takarda. Ashe ita wannan ba ruwanta da tafarnuwa! Suka ce za a kai wa likita ya duba, sakamako zai biyo ta hannun shugaban rukuni.

Bayan sati uku na tambaye shi. Na ce, "Ɗan'uwa, ya labarin takardun nan?"

Ya ce, "Sun zo. Kai ai doki ne, Ishaya. Lafiyarka ƙalau."

Ban ce ya nuna mini ba. Wa zai ce wa ɗan'uwansa nuna mini?

Ba a yi wata biyu ba na fara jin abin. Mun je kashe gobarar wasu rumbuna a wani ƙauye bayan Gagarawa, muna gamawa na ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. Nauyin ya gangara hannun hagu, har muƙamuƙina ya riƙe. A wurinmu kuwa duk abin da ya taɓa ƙirji sunansa ɗaya, hayaƙi. Maganinsa ma ɗaya ne, madarar gwangwani. Haka muka tarar manyanmu suna yi: ka huda gwangwani ka shanye, wai tana wanke hayaƙin. Na zauna a gindin mota ina haki, sai ga Luka ya tsallaka titi da kansa ya sayo mini madara, ya huda da wuƙarsa ya miƙo mini.

Ya ce, "Sha, ɗan'uwa. Hayaƙin kara ne, ya fi kowane kama ƙirji."

Na sha, na yi masa godiya. 'Yan'uwa, na yi masa godiya!

Haka ya ci gaba. Duk fitar da muka yi sai ciwon ya zo, duk zuwansa sai Luka ya sayo madara. Har sauran suka fara zolayata wai na zama jariri. Rahila ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Ta ga ina tsayawa in huta idan na ɗauko jarka biyu daga famfo, ni da nake ɗaukar mutum a kafaɗa in sauko da shi daga bene. Ta yi mini magana na daka mata tsawa. Sai ta tare Luka a bakin ƙofar cocin nan bayan sujada.

Ta ce, "Baban Grace, don Allah ka duba mini ɗan'uwanka. Ba na son yadda yake numfashi."

Ya yi dariya ya ce, "Maman Dauda, ki kwantar da hankalinki. Ni na ga takardarsa da idona."

Gaskiya ya faɗa, ya gan ta da idonsa.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, tsakiyar bazara. Zafin ranar nan ko takalmi ka sa sai ka ji ƙasa tana cin ƙafarka. Wajen ƙarfe ɗaya aka kira mu, wai wata babbar mota maƙare da harawa ta kama wuta kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Malam Habu direbanmu, mutumin Gumel ne, ya taka motar nan har muka isa. Muka tarar da wuta ta tashi sama, shanu suna tsinke igiya, mutane suna ta ihu, ga wasu motoci biyu a gefe da ba a samu direbobinsu ba.

Na ja tiyo na shiga gaba kamar kullum. Na yi kusan minti arba'in a wurin. Gumi ya cika mini takalmi, ban sha ruwa ba tun safe sai lemon gwangwani. Wuta ta fara kwanciya ke nan sai na ji an damƙe mini ƙirji an murɗa. Wannan bai yi kama da na baya ba. Gumin da yake fito mini ya koma sanyi. Na ga tiyo ya kuɓuce daga hannuna yana ta bulala a ƙasa, ni kuma na durƙusa.

Na ji wani daga cikinmu yana cewa a kawo madara.

Wani dattijo ne ya cece ni, falke daga wajen Damagaram wanda ya kawo raƙuma kasuwa. Ban san sunansa ba har yau. Ya ture mutane ya tsuguna, ya kalli fuskata, ya taɓa goshina. Ya ce, "Wace madara? Wannan zuciya ce! Haka wana ya yi a gabana. Ku cire masa kayan nan, ku kai shi wajen lokotoro yanzu!" Likita yake nufi, haka suke cewa a wajensu. Shi ya tsayar da wata ƙaramar mota, shi da Malam Habu suka ɗauke ni. Allah ya aiko mini mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba ƙasarmu ɗaya ba, bai taɓa ganina ba. Halleluya!

Kafin a rufe ƙofar motar na hango Luka. Yana tsaye can baya, hannunsa biyu a ka, bai matso ba. A lokacin na ɗauka tsananin tausayina ne ya hana shi motsi.

Daga asibitin farko aka wuce da ni Kano. Abin da na sani a hanya kaɗan ne. Na san Rahila tana riƙe da ƙafata tana kiran sunan Yesu ba tsayawa, na san zumuntar mata sun taru a nan suna kuka ga Allah saboda ni. Na gode muku, iyayena mata. Kwana goma sha biyu na yi a kwance.

Likitan da ya duba ni ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce jijiyar da take kai wa zuciyata jini ta daɗe tana tsukewa. Ya ce aikinmu yana haɗa wa zuciya duk abin da ta tsana a lokaci guda: firgitar ƙararrawa, nauyin kaya, zafin wuta, hayaƙi, ga jiki ya zubar da ruwa jini ya yi kauri. Ya ce mu tsoron wuta muke yi da faɗowar rufi, alhali sau da yawa abin da yake kayar da ɗan kwana-kwana a ƙirjinsa yake ɗauke da shi. Na ba shi labarin madara. Bai yi dariya ba, ya dai cire tabarau ya share ido. Ya ce wani ɓangare na zuciyata ya riga ya lalace, ba zai dawo ba. Ya ce da an gano da wuri da ba a kai nan ba. Ya ce ni da bakin tiyo har abada.

Na yi kuka ranar nan, ni Ishaya da nake yi wa masu gajiya dariya.

Luka ya zo duba ni sau ɗaya. Ya kawo lemo da ayaba, ya yi addu'a gajeriya, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce takardar canjin wurin aikinsa ta fito, an mayar da shi kusa da gida, abin da ya shekara biyu yana nema. Na taya shi murna daga kan gado. Kuna tune, a nan aka yi masa addu'ar sallama, aka ba shi kyautar bargo.

Na dawo gida da sati biyu sai ga Malam Habu da yamma. Ya yi sallama, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce an ba sabon shugaban rukuni akwatin ƙarfen da Luka yake ajiye takardu, suna sharewa suka ga wani abu a ƙasan tsofaffin jaridu.

Ya ce, "Malam Ishaya, na kwana biyu ina shawara da zuciyata. Amma haƙƙinka ne, ba zan iya riƙe shi ba."

Ambulan ce, da sunana a baya, an farke bakinta. A ciki ga takardar nan mai zanen layi, ga wasiƙar likita. An rubuta a dakatar da ni daga fita gobara nan take, a tura ni wajen likitan zuciya cikin gaggawa. Har an ja layi biyu a ƙarƙashin gaggawar. Na duba kwanan wata na ƙirga da yatsa. Wata bakwai kafin ranar Maigatari.

Wata bakwai, 'yan'uwa! Yana buɗe akwatin nan kullum. Yana rubuta sunana a gaban tiyo kullum. Ya ci tuwo a gidana ranar Kirsimeti, takardar tana kwance a can.

Na kira Luka a waya. Na ce, "Luka, an buɗe akwatinka."

Ya ce, "Ishaya, ka gane. An ce ba za a sake ni ba sai rukunina yana da cikakkun mutane masu lafiya. Da na miƙa takardar nan da sun riƙe ni. Na ce wata ɗaya ko biyu ne, tawa tana fitowa in ba ka. Ban san za ta ja haka ba."

Na ce, "Madarar fa?"

Ya ce, "Kai ma ai ba ka son tebur. Da na ba ka, da ni za ka fara zagi."

Na kashe wayar. Har yanzu idan na tuna wannan amsa sai in ji ɗaci a bakina.

Daga ranar na shiga ciwo na biyu, wanda ya fi na farko. Ina shan magani a kan lokaci, na bar taba, na bar tsire, Rahila tana dafa mini miya lami, amma duk awon da aka yi jinina yana sama. Ina kwance ina tsara abin da zan faɗa masa. Ina zaune ina ganin hannunsa yana huda gwangwani. Na daina zuwa teburin Ubangiji cin jibi. Idan muna addu'ar da Ubangiji ya koya mana a gida, muna isowa wurin da ake cewa ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi sai in rufe bakina, in jira su wuce in kama daga gaba. Na ɗauka ba wanda ya lura.

Wata safiya Rahila ta ce, "Baban Dauda, wata uku ke nan kana tsallake layin nan. Ya kusa kashe ka sau ɗaya, yanzu kai kake ƙarasa masa aikin."

Na fita a fusace. Likita ya ce in riƙa tattaki kowace safiya, sai na kama hanyar Sule Tankarkar ina tafiya ina faɗa da Allah da ƙarfi, masu kai kaya gona suna kallona. Na ce, Ubangiji, ina kake wata bakwai ɗin nan? Me ya sa shi yana can gida lafiya, ni ina nan da rabin zuciya? Na ce ba zan yafe ba, ka ji da kyau, ba zan yafe ba! Na gaji na zauna a gindin wata bishiya ina kuka.

A nan ne abin ya faɗo mini a rai, kuma na san ba daga ni ya fito ba, domin ban so shi ba ko kaɗan. Na tuna Luka ya fi ni cin tafarnuwa. Na tuna shi ne mai aron ƙwaya kowace shekara, har biyu yake haɗiya. Na tuna shi da ya shirya jerin sunayenmu ranar na'urar nan, bai kwanta an manna masa wayoyin ba, ya ce zai yi daga baya. Na tuna sau nawa na gan shi yana murza bayan wuyansa yana cewa rana ce. A inda aka mayar da shi kuma mutane sun yi kaɗan, na ji labari shi yake riƙe tiyo da kansa. Duk duniya ba wanda ya san waɗannan abubuwa gaba ɗaya sai ni.

Sai na ji kamar ana tambayata: to Ishaya, yanzu takardar tana hannunka. Wata nawa za ka riƙe ta?

Na ce, Ubangiji, wannan ba adalci ba ne! Na faɗa har sau uku. Amma na kasa tashi daga wurin. Na ce to, ba ni da ƙarfin ƙaunarsa, ka ba ni ƙarfin danna waya kawai. Ya kuwa ba ni.

Ya ɗauka a kira na huɗu. Na ce, "Luka, ba hira na kira mu yi ba. Jininka ya fi nawa hawa, ni da kai mun sani. Ka je a manna maka wayoyin nan a satin nan. Idan ba ka je ba zan kira Maman Grace in gaya mata komai, har ƙwayoyin."

Ya ce, "Abin da ka kira ka faɗa ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Bayan kwana tara matarsa ta kira Rahila tana kuka. An gwada shi, an sauke shi daga mota a ranar, an ɗora shi a kan magani. Likita ya ce mata ya zo a kan gaɓa.

Na san kuna jira in ce ya zo ya durƙusa ya roƙe ni gafara, mun rungume juna. Bai zo ba. Bai kira ba. Har wannan safiya da nake tsaye gabanku, kalmar yi haƙuri ba ta fito daga bakin Luka ba. Kuma ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba, abin yana yi mini ciwo har yanzu. Mutumin da na kira ɗan'uwa shekara goma sha tara ya auna raina da takardar komawa gida, ya ga takardar ta fi nauyi.

Amma ga abin da Yesu ya yi mini. A satin da na yi wayar nan na yi barcin da na manta irinsa. Awon da ya biyo baya, nas ta auna sau biyu don ba ta yarda da na farko ba. Na koma teburin Ubangiji. Layin nan na addu'a ina faɗarsa yanzu, wata rana da sauƙi, wata rana kamar ina haɗiyar tsakuwa, amma ina faɗa. A ofis ina zaune a teburin da na tsana, kuma duk takardar gwajin da ta zo, a hannun mai ita nake sa ta, in tsaya a kansa sai ya karanta.

'Yan'uwa, idan ƙirjinka yana yi maka nauyi, kada ka tsaya sa masa suna, ka je asibiti. Abin da likita ya rubuta a kanka, ka karɓa ka gani da idonka. Idan kuma wanda ka fi yarda da shi ne ya ci amanarka, kada ka jira sai ya tuba kafin ka warke, mai yiwuwa ba zai taɓa zuwa ba. Ka kai wa Yesu abin yadda yake, da fushin da zagin duka, ya iya ɗauka.

Na gode wa Allah da ya bar wa Rahila miji, ya bar wa 'ya'yana uba. Na gode masa kuma, ko da yake da ƙyar bakina yake furtawa, da ya bar wa Grace nata uban.

Ku dogara gare shi. Ku taya ni yabon Ubangiji!